Tarkacen Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki inda kike kwance.

Shekara biyar ke nan rabona da Jos. Na fita a kan shekara ɗaya zan yi a Aljeriya in haɗa jari in dawo, ga shi har yau ina ɗaukar bulo a ginin mutane, ba takarda, ba hanyar gida sai ta sahara. A bakin aiki labarin rasuwarki ya same ni, da kwanon siminti a kaina. Ban ɗauki makararki ba, ban zuba miki ƙasa ba. Wannan na haɗiye shi, hukuncin Allah ne. Abin da na kasa haɗiyewa yau aikin ɗan Adam ne, kuma ɗan naki ne, ƙanena Sabitu.

Na san ba kya son a kai ƙarar ɗan'uwa gaban jama'a. To na kira shi, ya kashe waya. Na sake kira, ya ce yana kan titi da fasinja. Shi ya sa na rubuta wasiƙar nan na sa a inda kowa ke karantawa, shi ma na san zai karanta.

Bayan sadakar arba'in ya turo bidiyo a zauren 'yan'uwa na waya. Ɗakinki ne na gidanmu na Rikkos, an share, an shafa shuɗin fenti, ba komai a ciki sai ƙusa a bango. Muryarsa tana tashi cike da jin daɗi: "To alhamdulillahi, mun kwashe tarkacen Inna, ɗaki ya sha iska."

Tarkace, Inna. Haka ya ce. Na yi ta maimaita bidiyon ko kunnena ne, ba kunnena ba ne.

Ina so in ji daga bakinsa, wanne ne tarkacen?

Bargon ne? Wanda kike bin shagunan teloli a Gangare da buhu kina tsintar ƙyallaye dominsa, ki wanke, ki goge, ki jera su a tabarma kina juyawa har launi ya zauna da launi? Kika cusa tsofaffin zannuwanki a ciki ya yi nauyi, ya zama mutum ɗaya ba ya iya matse shi in an wanke. Akwai rigar makarantar Sabitu a jikinsa. Akwai shaddar Baba ta ƙarshe, ruwan toka, a tsakiya. Lokacin sanyin da ruwan randa ke yanka hannu, ni da shi muke shiga ƙarƙashinsa muna ja-in-ja, ke kuma daga kan gado ki ce, "Ku ja a hankali, ba masaƙa gare ni ba."

Ko suwaitocin gwanjo ne, waɗanda asu ya huda har mai gwanjon ya ce ki ɗauka kawai? Ki zauna ki warware su zare-zare, ni in miƙa hannu biyu kina naɗewa har kafaɗata ta yi tsami. A cikinsu kike saƙa hula da safa. Jariri nawa aka haifa a layinmu da bai kwana da hularki a ka ba?

Ko gwangwanayen madara? Ɗaya ma'aunin gishiri, ɗaya fitila in an ɗauke wuta, sauran a jere a kan katanga da albasa mai lawashi da na'a-na'a a ciki.

Ban manta jakar makarantar da kika ɗinka mini da buhun shinkafa ba. Yara suka sa mini suna Ɗan Shinkafa, na dawo ina kuka na jefar da ita a tsakar gida. Ba ki dake ni ba. Kika farke ta, kika juya rubutun ciki, kika bi bakinta da atamfa, kika sa mata aljihu. Kafin ƙarshen zango iyayen masu tsokanar tawa suna sallama a ƙofarmu, wai a yi wa nasu irinta.

Tun da Baba ya rasu ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba don akwai ba ne. Ganyen kabejin da 'yan kasuwa ke ɓarewa su zubar, da ƙananan dankalin da ba mai taya su, su kike haɗawa da tsakin masara da yakuwa ki yi gwaten da maƙwabta ke aiko da kwano. Ƙanzon tukunya ba ya zuwa bola a gidanki. Ki shanya shi, ki tara, ranar da babu ki jiƙa ki kwaɗa da ƙuli da albasa. In tumatir ya yi araha ki yanka ki baza a kan rufin kwano, ki sa Sabitu gadin kaji da tsuntsaye, ya cinye rabi. Kullum maganarki ɗaya ce: "Abinci ba ya ƙarewa, dabara ce ke ƙarewa."

Yanzu ina ganin mata a waya suna nuna yadda ake mayar da gwangwani tukunyar fure, jama'a na ta yabo, har da matan gidanmu masu turo mini. Ke da kika yi shekara talatin kina yi ba mai ɗaukar hoto, naki ne tarkace.

Duk wannan da zan iya daurewa. Keken ne ba zan iya ba.

Baƙin kekenki na ɗinki mai takawa, wanda ƙararsa ce ke tashe mu ita ce ke kwantar da mu. Shi ya biya kuɗin makarantarmu, shi ya yi wa Sabitu lefe. Kuma ba a ɓoye kika yi maganarsa ba. Kin faɗa mini a waya, kin faɗa a gabansa: keken na takwararki ne, 'yata Ummi. Yarinyar da ke zama a ƙafarki tana tsince zare, wadda kika koya wa sa zare a allura tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Tana Bukur da uwarta a wajen kakanninta, tana jiran a gama zaman makoki a kai mata kekenta. Wasiyya ce, Inna. Ba a raba gado ba, ba a kira kowa ba.

Kin san abin da ya yi? Ya zauna a kujerarki, ya samo allura ya ɗaura, ya sa ƙyalle, ya taka. Allura ta hau ta sauka, zare bai kama ba. Ya sake takawa, bai kama ba. Shi ke nan malam ya gama bincike. Ya tsayar da 'yan gwangwan masu tura kura, suka ɗora kan keken a sikeli, suka auna shi a kilo kamar tsohon gatari. Suka haɗa da tukwane da buhun gwangwanaye. Bargon kuwa gyara ya ba su, yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kan kashi. Da na tambaye shi, saƙon da ya turo mini shi ne, "Yaya, keken nan fa ya riga mai shi mutuwa."

Keken lafiyarsa ƙalau. Ƙoshiya ce babu a ciki, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa. Kuma duk wanda ya tashi a gidan nan ya kamata ya san dalili, balle shi.

Yana ɗan shekara shida ya faki idonki kina wajen murhu, ya hau keken ya taka, allura ta shige farcensa ta fito ta ƙasa. Kika goya shi da gudu ba mayafi, jini na bin bayanki. Tun daga ranar, in kin gama ɗinki sai ki cire allura da ƙoshiya ki jefa a gwangwanin madara, ki rufe, ki ɗora a kan kabad, don kada yaro ya ga keke a shirye ya yi sha'awa. Ba ki fasa ba ko rana ɗaya. Har muka girma kina yi. Na taɓa tsokanarki na ce, Inna, yaron nan fa har ya yi gemu. Kika ce, "Bunsuru ma yana da shi."

Ashe kin fi ni saninsa.

Gangare cike take da teloli. Da ya ɗauki kan keken a bayan Napep ɗinsa ya kai wa ko wanne, kafin ya kashe inji an gaya masa abin da ya ɓace. Da ya kira ni, da na gaya masa. Da ya dubi farcensa na dama, wanda har yau a rabe yake fitowa, da ya tuna. Saboda shi aka raba keken nan da ƙoshiyarsa, shi kuma ya sayar da shi don ba ƙoshiya.

Amma kin hana ni zalunci, ba zan fara a kanki ba. Sabitu ne ya yi jinyarki, ba ni ba. Shi ke ɗaukarki a hannu ya sa a Napep ya kai asibiti, ya bar aikin yini, ya dawo ya saya miki kunun gyaɗa ko da ba za ki sha ba. Ni murya kawai nake turowa. Matarsa ta kusa haihuwa, su da yara a ɗaki ɗaya suke, yana bukatar ɗakin, ban ce kada ya shiga ba. Wataƙila ma ganin kayan ne ba ya iya yi, kowa da yadda yake kukansa. Duk na ba shi wannan. Da ya ce, Yaya, kayan Inna sun fi ƙarfin idona, ku zo ku ɗauka, da na sa an kwashe a yini guda, in yi masa godiya a kai. Kalmar ce ban ba shi ba. Mutum ba ya girma a cikin abu, ya ci daga gare shi, ya yi aure daga gare shi, sannan ya kira shi tarkace.

Bari in gaya miki wanda ya san darajarki. Maman Chidi ce, ƙawarki mai shagon zare da maɓalli a bakin titi. Tana zaune ta ga 'yan gwangwan sun wuce da kura, da bargonki a sama. Ta gane shi, don tana da ɗan'uwansa, wanda kika ɗinka mata da ta haifi Chidi. Kafin ta sami mai tsare mata shago sun ɓace. Washegari ta rufe shagon ta tafi Dilimi tana bin wuraren 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya, da ciwon gwiwarta. Ga saƙon da ta turo mini, da Hausarta da kike yi wa dariya:

"Lawal, ka yi haƙuri, ka ji? Keke ya tafi. Sun fasa shi da guduma, mota ya ɗauka. Amma bargo na gani, mutumin ya shimfiɗa yana cin abinci a kai. Na ce masa, oga, tashi. Wannan ba kaya ba ne. Mama Hauwa shi ne ya ɗinka da hannunsa. Ka ba ni, ko ni da kai mu kwana a nan."

Ya ba ta. Mutumin kirki ne, bai karɓi ko sisi ba da ya ji na mamaciya ne. Sai ta sa ya zazzage buhun gwangwanaye a ƙasa. Ta durƙusa tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana girgizawa a kunne, yaran wurin suna mata dariya, har ɗaya ya yi ƙara. Ita ke sayar miki da allura, ta san inda kike ajiyewa. Baƙuwa 'yar wata ƙabila ta san gwangwanin, ɗan da kika haifa bai sani ba.

Ta kai wa Ummi kayan har Bukur da kanta. Jiya yarinyar ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, irinki ce. Ta ce ta wanke bargon, ita da uwarta suka matse shi su biyu. Sai ta ce, "Baba, ƙoshiyar Inna za ta shiga wani keken?" Na ce ban sani ba, amma zan tambaya. In Allah Ya mayar da ni gida, ni da ita za mu bi masu tsofaffin kekuna da ƙoshiyar nan a hannu, muna gwadawa har mu sami wanda za ta zauna a cikinsa.

Innata. Kin sha gaya mana ɗinki zare biyu ne, na sama da ake gani, da na ƙasa da ke riƙewa. Tun da kika tafi muke hawa muna sauka, ni da ƙanena, ba abin da ke kamawa. Ba zan yanke shi ba, kada ki damu. Ranar suna zan kira in yi barka. Amma sai ya janye kalmar nan da bakinsa, kuma sai ya je Bukur ya dubi idon Ummi ya gaya mata abin da ya yi da kekenta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana da ƙyallen da wasu suka zubar. Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, inda ba sai kin yi dabara ba. Ya ba Maman Chidi lafiyar gwiwa, Ya saka mata da alheri. Ya sauki matar Sabitu lafiya. Shi kuma Allah Ya shirye shi, ni Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta sanyaya ba. Amin.

Mutane za su so jin abin da na tara a shekara biyar. Ba shi ne lissafina ba yau. Ga abin da na iya tsirar miki da shi, shi ma da hannun wata: bargo ɗaya, da tabon manja a kan shaddar Baba. Gwangwani ɗaya. Allura uku. Maɓalli cikin tafin hannu, ba biyu masu kama da juna. Ƙoshiya ɗaya, da sauran farin zarenki a ciki.

Ɗanki,
Lawal