Tsayuwar Suruki a Ƙofar Kango

Dagenham, Landan
Ranar Lahadi

Zuwa ga Hajiyata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taki? Kada ki daina shafa maganin don kin ga na juya baya. Ni dai ina nan lafiya lau, in ban da sanyi, wanda mutanen nan ke cewa wai bai ma fara ba.

'Yarmu Na'ima ta ce in riƙa yi miki saƙon murya kamar kowa. Na ƙi. Ban zauna a benci da furfurata a makarantar dare, bayan na wuni ina ɗora bulo, don in ƙare da surutu cikin waya ba. Zan rubuta da hannuna, in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Hajiya, kin yi sabon ango, ni kuma na yi abokin hamayya. An yi suna lafiya, jikanmu Affan yana nan ɓul-ɓul. Kunnuwansa irin nawa ne, kada ki yarda wani ya ce miki na dangin ubansa ne. In na miƙa masa yatsa sai ya damƙe kamar mai riƙe da cebur. Jiya ya yi mini fitsari a sabuwar shaddata, na zauna ina dariya ni kaɗai har Na'ima ta leƙo ta ga ko lafiya. Autarmu da ta ƙi yaye sai da kika kai ta gidan yayarki, yau ita ce da ɗa a hannu. Alhamdulillahi. Ban san zuciyar tsoho tana da sauran wuri haka ba.

Sai dai akwai magana. Yarinyar nan ta same ni a kicin ta gaya mini da hawaye cewa mijinta Muhsin yana so ya ajiye aikinsa na asibiti. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun haɗa magunguna, ga mata, ga jariri, ga hayar flat, wai zai bari ya koma yawon hoto.

Bari in yi miki bayanin sana'ar, in sana'a ce. Akwai wani Bature, Stephen, mai ƙaramar bas. Yana kwasar mutane ya kai su bakin teku da tsofaffin ƙauyuka, ya nuna musu inda za su tsaya da lokacin da rana za ta yi kyau, su ɗauki hoto, su biya shi. Ba shi ke ɗaukarsu ba fa, su ne da kyamarorinsu. Aikinsa ya ce ga dutse can. Muhsin ya daɗe yana bin su ranakun hutu, yanzu Baturen ya ce ya zo tafiyar mako mai zuwa ya gwada jan ragamar mutanen, in ya iya sai ya ba shi tasa bas ɗin.

Ya nuna mini hotunansa a kwamfuta. Dutse, ruwa, wani dutsen, tunkiya, bango ba rufi. Na yi ta jira in ga fuskar mutum ban gani ba. Tausayi ma suka ba ni, a je wuri mai nisa haka a rasa ko mutum ɗaya mai kyan shiga da zai tsaya a ɗauke shi.

Wani daga cikin matafiyan ya fasa zuwa, sai Na'ima ta kama mini kujerarsa, wai in samu yaron a hanya in yi masa faɗa, tunda ita ta yi ta gaji. Na ce to. Amma kin san tsakanina da shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, in sa masa albarka, kowa ya kalli ƙasa. Ta ina zan fara? Ki taya ni addu'a, don abincin jikanki ake shirin zubarwa saboda tunkiya.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki har kullum,
Uwaisu

Dorset
Ranar Laraba

Hajiyata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kin tashi lafiya. Yaya gida, yaya jikin? Ina rubuto miki daga wani masauki a ƙauye, inda aka ba ni ɗakin da in na miƙe kaina yake taɓa azara. Wai ya fi tsada saboda ya tsufa.

Abin da na gani a kwanakin nan sai dai mu haɗu. Matafiyan duk tsofaffi ne, sa'o'inmu, wasu ma sun girme mu. Shekarun da mutum zai zauna da carbi da jikoki, su suna hawan tudu da jakunkuna a baya, kowa da sandarsa mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Akwai wata tsohuwa da ta kwanta rub da ciki a cikin ciyawa mai raɓa don ta ɗauki wani fure da bai kai farcena ba. Mijinta yana tsaye, bai ce mata ta tashi ba.

Tun kafin asuba Stephen ya tashe mu ya kai mu gaɓar teku. Na ce a raina madalla, masu sammako ne. Ashe tsayuwa za a yi a cikin iska ana jiran rana. Ranar da take fito mana a tsakar gida kullum har mu nemi inuwa, ita ake jira ana rawar ɗari. Ba ta ma fito ba, hadari ya tare ta. Suka koma mota suna cewa ya yi kyau.

Daga nan aka bi ƙauyuka. Gidajen rufin ciyawa, irin waɗanda na yi rayuwata ina rushewa ina sa kwano, su ne a nan ake tsayawa a gabansu ana rage murya. Sai kangaye. Hajiya, kango fa, irin wanda awaki ke kwana a ciki, muna hana yara shiga. In na bar wa mai gida aiki haka, ba rufi ba ƙofa, da a ofishin 'yan sanda zan kwana. A nan har allo aka kafa masa.

Muhsin kuwa ya zama wani mutum daban. Yana gaba yana bayani da Turanci, yana gyara wa wannan kyamara, yana riƙe wa waccan jaka. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Abin ya ba ni haushi, don murya ce da ya kamata a ji a asibiti.

Amma jiya da yamma na yi musu abin kirki. An kai mu wani tsohon coci da ya rushe a kan tudu, yana kallon teku. Abin da ya rage masa kirki ƙofa ce doguwa mai baka. Tun a mota aka yi ta cewa nan ne babban wurin tafiyar, kuma Stephen ya ce shi zai koma gefe, yammacin na Muhsin ne. Da na ji haka na sa babbar rigata mai ruwan ƙasa da hular da kika saya mini. Suka jeru, suka kafa sandunansu, duk kyamarorin suna kallon ƙofar nan da ba kowa a cikinta. Na ga dai za a sake komawa gida da hoton bango. Ko ba komai yaron surukina ne, ba zan bari ya ji kunya ba. Na taka na shiga tsakiyar ƙofar, na gyara hannun riga, na haɗa hannuwa, na tsaya kamar yadda ake tsayawa.

Ba ki ga yadda wurin ya yi tsit ba. Wasu suka ɗago kai daga kyamara suna kallona. Tsohuwar furen ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata, na koma na daidaita. Rana tana bayana tana faɗuwa, ina jin ɗuminta a wuya. Na lura duk sun juya suna kallon Muhsin, shi kuma ya tsura wa takalminsa ido. Ƙafata ta yi sanyi, amma ban motsa ba, don na san mai hoto ba ya son motsi. Sai da rana ta nutse sannan na fito. Ba wanda ya ce na gode. Tarbiyyarsu ke nan.

Yaron bai ci abincin kirki ba, ina jin gajiya ce. Maganar da Na'ima ta aiko ni har yanzu ban yi ba. Sau biyu muna zama kujera ɗaya, sai in ji ina tambayarsa sunan garin da muka wuce. Ina kewar ƙato Affan kamar in bi bas ɗin da ƙafa.

A gaida mutanen gida.

Mijinki,
Uwaisu

Dagenham, Landan
Ranar Litinin

Hajiya Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji kin ce gwiwar da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Angonki ya ƙara kumatu, ya fara bin fitila da ido, kuma in ya ji muryata yakan yi shiru. Uwarsa ta ce haka yake yi wa kowa. Ƙarya take.

Albishirinki, Muhsin ba zai bar asibiti ba. Baturen ya ce ba zai ɗauke shi ba. Amma bari ki ji yadda aka yi, kuma wannan tsakanina da ke ne.

Da muka dawo, Na'ima ta zaunar da ni, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba. Wai ashe mutanen nan ba sa son mutum a hotonsu sam. Da gangan suke ɗaukar bango shi kaɗai. Kuma wai a 'yan kwanaki kaɗan ne cikin shekara rana take faɗuwa daidai tsakiyar ƙofar nan, shi ya sa suka baro garuruwansu. Ni kuwa na toshe ta da babbar riga tun daga farko har ƙarshe. Hannun da tsohuwar ta ɗaga, cewa take in gusa.

To ki ji mini mutane. Manya da su, da baki da haƙora, su tsaya suna kallon abin da suka zo nema yana wucewa, a rasa mai cewa malam matsa. Da a tashar mota ne da tuni an ja ni gefe an huta. Wai su a wurinsu aikin jagora ne ya yi magana, shi ya sa suka zuba wa Muhsin ido, shi ma Stephen yana gefe yana jiran ya ga abin da zai yi. Daga baya Stephen ya ce wa Muhsin ya san haske, ya san hanya, amma wanda ba zai iya cewa dattijo ya gusa ba, ba zai iya da motar da ta cika da dattawa ba. Baturen da ya san ranar da rana za ta bi ta ƙofar kango, amma bai san mene ne suruki ba. Wane ɗan mutunci ne zai ɗaga murya a gaban jama'a ya ce wa uban matarsa ya kauce?

Ra'ayina a kan sana'ar bai canza ba. Wasan yara ne da tsofaffi suka ƙwace. Na zo in hana shi, an hanu, ban ko buɗe baki ba. Ya kamata in yi barci da daɗi.

Sai dai na tambayi Na'ima ko yaron ya san abin da shirunsa zai jawo masa. Ta ce ya sani sarai, tun ina taka ƙofar ya sani. Ta ce ta tambaye shi me ya hana shi ko raɗa mini da Hausa, ba mai ji. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Baba ya sa babbar riga saboda ni." Yanzu ita da ta aike ni ita ce take bin sa da ido tana share hawaye, har tana cewa ko in kira Baturen in yi masa bayani. Na ce ba zan kira ba. Affan ba zai ci faɗuwar rana ba.

Yau hutun haihuwa da aka ba Muhsin a asibiti ya ƙare. Da safe ya fito da shirin aiki, ya same ni a falo da yaron a cinya. Ya ajiye jaka ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi kwanana, ya tambayi ƙafata ko sanyin tudun nan ya sake ta. Hajiya, tun asuba na shirya maganata. Na so in ce masa ban sani ba. Na so in ce masa a cikin duk mutanen da ke kan tudun nan shi kaɗai ne ya san abin da yake yi. Na kalli tsakiyar kansa, na buɗe baki, sai na ji na ce Allah ya ba da sa'a, a dawo lafiya. Ya ce amin, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ki sa shi a addu'a da sunansa. Ki gaida yara da maƙwabta, wanda ya tambayi tafiyar ki ce masa na ga teku.

Naki,
Uwaisu