Ranar da Na Ja Kwalekwale Ni Kaɗai

Daren Asabar, Rano

Yau na ja kwalekwalen robar nan zuwa dam, karo na farko tun rasuwar Yaya Sani. Iskar da ya hura masa ma ba ta gama sacewa ba.

Da, in ina ribas da 'yar tirelar da muke ɗora kwalekwalen a kai, shi ke tsayawa a baya, sai ya buga jikin mota sannan in taka birki. Yau ina ta ja da baya ina jiran bugun nan, har ruwa ya shanye tayoyin mota.

Wani dattijo masunci ya ɗaga murya: "Tsaya, Malam! Kai ba ka da mai duba maka baya ne?"

Har na buɗe baki zan ce ina da shi.

Ko kwance kwalekwalen ban yi ba, na juyo gida.