Likitar da ta hana ni allura

Zuwa ga Yaya Abeke,

Gaisuwa mai yawa daga Abidjan. Ya ƙafar Mama? Ya yara da mutanen garinmu Ejigbo? Ni lafiya lau, shago yana tafiya. Abin da kuka ji wai na faɗi a kasuwa, ƙari aka yi. Jiri ne ya ɗebe ni na zauna a ƙasa.

Na je ƙaramin asibitin unguwarmu. Likitar, Dakta Ahu, 'yar manomin koko ce, ta daɗe tana aiki a ƙauye kafin ta zo birni. Na ce ta yi mini allura in koma shago, kamar yadda muka saba. Ta auna ni, ta ce jinina ya hau sosai.

"Baba, wa ke dafa maka abinci?"

Na ce, "'Yata, ni da na shigo garin nan da jaka ɗaya har na gina gida, abinci ne zai gagare ni?"

Ta yi dariya. "Gidan ne zai rage maka gishiri?"

Ta ce a ƙauye ta koyi cewa ba a jinyar mutum shi kaɗai. Ta ba ni ƙwayoyi maimakon allura, amma ta ce zuwa na gaba sai na zo da wani nawa.

Tun rasuwar matata Silifa a bakin titi nake ci, yara kuma suna Faransa. Kin san ban iya roƙo ba. Motar Ejigbo tana tashi duk mako. Ki zo, Yaya, ko na wata guda ne. Kada Mama ta ji dalili.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Raufu Adigun