A Dawo Wa Kawuna Da Rigarsa Tun Yana Gani

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Nunin Kayan Fasaha Mai Zagayawa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, wannan ita ce wasiƙata ta biyar zuwa gare ka. Huɗun farko ofis na aika, shiru. Wannan na ba jarida, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Sunana Rakiya, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru. Kawuna Malam Salisu maɗinkin manyan riguna ne a Muchia, ya fi shekara arba'in a bakin zaure da allura a hannu. Ga abin da ya haɗa mu da ku.

Na ɗaya. Jami'anku biyu sun zo Muchia neman kayan da za a nuna. Kawu ya fito musu da riguna uku gamammu, suka tsallake su, suka nuna wadda ke kan cinyarsa: mai adon aska takwas, da zaren siliki na tsamiya, an ɗinke gaba, baya kuwa zanen tawada ne kawai a jikin ƙyallen. Suka ce ita suke so, don masu kallo su ga yadda aiki yake tafiya. Kawu ya ce shi bai taɓa jin an ari riga ba a gama ta ba, ko ɓarawo ma yakan jira a gama. Suka yi dariya, suka ce wata uku ne kacal. Ni aka kira na karanta takardar aro, tunda ni ce mai digiri a gidan. Na karanta, na ga an rubuta "har zuwa ƙarshen nuni", na ce masa ya sa hannu. Ya sa da ajami. Ban tambayi yaushe nuni yake ƙarewa ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai kwamiti ya zauna a kansa ba.

Na biyu. Tun daga ranar an yi damina biyu, an ma canja wa jiharmu suna, riga ba ta dawo ba. Na yi ta bin sawu har na fahimci yadda haɗin gwiwarku yake, kuma ya burge ni. Gidan tarihi na farko ya miƙa wa na biyu akwatuna goma sha ɗaya, na biyu ya sa hannu ya karɓi akwatuna goma sha ɗaya. Babu wanda ya sa hannu a kan riga. Idan na tambayi na farko, sai ya ce ta bar hannunsa. Na biyu ya ce shi masauki ne kawai. Na uku, can kudu, ya amsa tangarahona da cewa jama'a na son ta ƙwarai, don haka shi da takwarorinsa sun amince a ƙara wata shida. Sun tuntuɓi juna, sun tuntuɓi masu jirgin ƙasa, sun tuntuɓi mai buga littafin nuni. Mai rigar ne kaɗai ba a samu sukunin tambaya ba.

Na uku, a taƙaice. Wata ƙawata da muka yi jami'a tare ta ga rigar a can, ta kwafo mini abin da ke rubuce a ƙarƙashinta: "Zariya. Ba a san maɗinkin ba." Daga ofishinku zuwa zaurensa ko rabin awa ba a yi a keke.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Idon kawu yana tafiya. Likita ya ce ciwon ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, sai dai a rage masa sauri. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama yana iya ganin zare daga hantsi zuwa azahar, in babu hadari. Kawu ya ce abin da ya rage a rigar aikin wata biyu ne ga mai ido biyu. Wani jami'inku ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, cewa in ta dawo a ba wani ya ƙarasa. Ranka ya daɗe, a wajen maɗinka ba a haka. Kowa da jan zarensa, duk wanda ya san riga zai ga inda hannu ya canja, kuma za a ce Malam Salisu ya gaza a rigarsa ta ƙarshe. Ya daina karɓar sabon aiki. Rigar nan yake tanadar wa idon.

Na biyar. Wannan jami'in ya kuma shaida mini, yana murna, cewa ana maganar ƙetarawa da kayan zuwa ƙasar waje, kuma kafin nan za a tsabtace komai. Don Allah a gaya wa mai tsabtacewar cewa baƙin layin da ke bayan rigar ba datti ba ne. Shi ne zanen da allura take bi. Malamin da ya zana shi ya rasu bara, kawu kuwa ba zai iya ganin bakin alƙalami yanzu ba. Ruwa ya taɓa shi, shi ke nan.

Abin da nake roƙo bai kai a kafa ƙaramin kwamiti ba. A cire rigar daga nuni, a dawo da ita Muchia cikin watan nan, ba wanki, ba guga. In babu motar ofis, a faɗa mini inda take, in ɗauki hutu in hau jirgi da kaina. Kawu ya ce in ya gama zai sake ba ku aronta, ku kai ta duk inda kuke so. Ni dai na ce a wannan karon wani ya karanta masa takardar.

Idan kuwa sai bayan idon ya rufe za ta samu fitowa, to ku riƙe ta. Sai dai ku rubuta sunansa a ƙarƙashinta, ku kuma rubuta wa masu kallo dalilin da ya sa ba a gama ta ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan aiki, ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Rakiya, 'yar ƙanwar Malam Salisu,
Samaru, Zariya.