Kujerarki a Bakin Rami na Ƙarshe

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, tauraruwar da ta yi shekara ashirin da shida tana haska wani mai gilashi da bai taɓa ɗaga kai daga littafi ya gode mata ba,

Ya jiki? Ya wurin ɗinkin, yana barin ki ki yi barci kuwa?

A kan gwiwata nake rubuto miki, daga filin gasar golf ɗin nan da muka shekara muna jira. Yau kwana na biyu. Nahiya biyu ke karawa, kowacce da zaratanta goma sha biyu, mu kuwa dubbai muna bin su a bayan igiya kamar tumakin da suka saya wa kansu tikiti. Kin tuna ranar da tikitin namu ya iso? Kika yi dariya har shayi ya sarƙe ki, kika ce za ki zo ne kawai ki ga ƙattin da ke korar ƙwan zabo da sanda. Wayyo wannan dariya! Tun da ta bar falonmu, agogon bango ne kaɗai ke yi mini magana.

A nan mutum kan kafa kujerarsa da sassafe a bakin rami na ƙarshe da ake zura ƙwallon a ciki, ya tafi yawonsa, ba mai taɓa ta. Biyu na kafa. Sau takwas ana tambayata ko akwai mai ɗayar, sau takwas ina cewa tana tafe. Tsohon da ke gefena ya daina tambaya, sai dai ya miƙo mini biskit, irin miƙon da ake yi a gidan makoki.

Akwai wani ma'aikaci a nan, mai hula da tumbi, aikinsa ɗaya ne: in ɗan wasa zai buga, sai ya ɗaga allo, kowa ya yi tsit. Na ƙura masa ido, sai na ga kamar madubi aka kafa mini. Ni da na tsufa a laburare ina hana mutane tari! Wata uku ke nan da kika tsaya a ƙofar falo da takardar likita a hannu, ina kallon wannan wasa a talabijin. Kika kira ni. Ban waiwayo ba, hannu kawai na ɗaga, don wani baƙo a wata duniya zai buga ƙwallo. Kika yi shiru, farin watana, shirun da har yau bai ƙare ba. Bayan mako kika koma gidan Yayarki. A bakin Auta, 'yar da muka haifa, na ji an yi miki aiki. Wane littafi ne ban karanta ba, in ban da wannan takarda guda da ke hannunki?

Da kika aiko Auta ta ce in tafi gasar kada tikiti ya lalace, sai na haɗa jaka na taho. Dubi wauta! Yaro ma ya san irin wannan "tafi" ɗin ba ta tafiya ba ce.

Da safen nan an yi wasan da ya ƙarasa ni. Mutum biyu, ƙwallo ɗaya: wannan ya buga, wancan ya ɗora daga duk inda ya faɗi. Wani dogo ya jefa nasu cikin ramin yashi. Abokinsa bai harare shi ba, ya gangara kawai ya fito da shi. Jama'a suka ɗauki tafi, ni kuwa na cire gilashi ina gogewa. Sau nawa na jefa miki namu a yashi, a ruwa, a cikin ƙaya, kika gangara ba ko tsaki? Sau ɗaya tak bugu ya zo kaina, aka tarar na ɗaga hannu.

Gobe ne ranar ƙarshe, ranar da ake ɗaga kofi. Su ɗaga abinsu. Na bar wa tsohon nan tikitina ya kawo jikarsa, ni motar safe zan bi. Auta ta ce ranar Alhamis za ki koma asibiti jin sakamako. Ba yafiya nake roƙo ba, ban kai nan ba tukuna. Ki bar ni dai in zauna a kujerar da ke kusa da taki, kowane irin labari likita zai faɗa, ya faɗa wa mutum biyu. In Yaya ta hana ni shiga, tana da gaskiya. Zan tsaya a bakin ƙofa, na kwana biyu ina koyon tsayuwa a bayan igiya. In kin ga dama ki yi magana, in kin ga dama ki yi faɗa har rufi ya tsage. Hannuna duka biyu suna cikin aljihu.

Kujerarki na naɗe ta, tana tafe tare da ni. Ba wanda ya zauna a kai, ba kuma wanda zai zauna, muddin ina numfashi.

Naki jiya, naki ranar Alhamis, naki ko me takardar ta ce,
Mai gilashinki