Tukunyar da Na Kifar

Zalihatu ƙanwata,

Gaisuwa daga Tunis. Ya Inna da yara, ya mutanen Dumega? Ni lafiya lau, kar hankalinku ya tashi.

Jiya aka yi mini aikin. Prostat ce, wata 'yar tsoka ƙarƙashin mafitsara, ta kumbura ta tare hanyar fitsari, ciwon Baba sak. Ba a yanka ni ba. Likita ya zura siririn ƙarfe ya busa tururi a ciki, minti goma ya gama. Akwai 'yar robar fitsari a jikina tukuna, tana ɗan damuna.

Da likitan ya ce tururi, sai na tuna da Baba. Kin tuna ranar da fitsarin Baba ya tsaya, ya roƙi Inna ta dafa mishi siracen 'yan bori, na sa ƙafa na kifar da tukunyar na ce shirka ce? Na san ba za ta warkar da shi ba. Amma tukunyar nan ce abin da ya roƙa. Kallona kawai ya yi, kuma tun jiya kallon nan bai bar ni ba.

Ki tambayi Inna ko ya ambace ni kafin ya cika. Ko mi ya ce, ki rubuto yadda ya faɗa, kar ki gyara.

Allah ya tsare ku.

Yayanki, Rabilu