Gadar da Muka Haye Ni da Baba

Unguwar Kusugu, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Nu'uman, Autan Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da harkokinka a can ƙasar Sin. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ka daga sharrin baƙunta, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Damina ta zauna daram, gero har ya fara fitar da kai a gonar bayan gari. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, yau sauƙi gobe ƙorafi, amma bakinta lafiya lau kamar yadda ka san shi. Maigidana Abdulrazak ya koma zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi tunda hanya ta yi kyau, Sumayya kuma an kai ta gaba a Islamiyya, yanzu ba mai iya shan ruwa a gidana bai yi bisimilla ba ta kama shi. Jikin Baba alhamdu lillahi, kuma a kansa ne na ɗauki biro.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Ɗantsoho, alhali ga waya muna gaisawa kullum. To, wayar ce matsalar. Duk sanda ka kira, Inna sai ta ce a buɗe murya kowa ya ji, a ajiye ta a kan cinyar Baba, ni kuma ina gefe riƙe da kwanon kunu kamar 'yar aiki. Ranar da ka ce an sake fito da sababbin kaset, wato kasusuwan gem, na tsohuwar na'urarmu ta wasa a talabijin, ka tambaye ni ko sun cancanci a saya, ai ka ji na ce maka to kawai. Wannan to ɗin ba amsa ba ce. Amsar tana da tsawo, kuma akwai abin da ke cikinta da ba zan iya faɗa a gaban Baba ba.

Bari in fara tuna maka, domin na lura nisa ya sa ka fara mantuwa. Na'urar nan Baba ya ƙwace ta ne a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ranar da ka zauna kana latse-latse har aka idar da magariba a masallacin ƙofar gida. Kai ka yi laifin, ni aka yi wa faɗa wai ina babba ban hana ka ba. Ya kulle ta a akwatinsa ƙarƙashin manyan riguna, ya ce ba za ta ƙara ganin rana ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bara, hannun hagu ya dunƙule, magana ta ɗauke sai ishara, likitan da ke masa gashi ya ce a samo abin da zai riƙa motsa yatsu da shi. An ba shi ƙwallon roba, ya yi jifa da ita har cikin akurkin kaji. Wa ya tuna da na'urar? Ni. Ni na buɗe akwatin, na kakkaɓe ta, na kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa mata wayar da za ta shiga talabijin ɗin yanzu. Ni na aika Abdulrazak wurin Malam Audi liman ya tambayo hukunci, ya ce ba laifi matuƙar ba caca, ba hoton batsa, kuma ba ta hana salla. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma ai wani ne ke hawa ya sauko da tulun.

Baba ya ɗan taɓa tsofaffin kasusuwanku, na tseren mota da na ƙwallo, waɗanda sai an hura musu iska an daddaka kafin su kama. Bai daɗe ba ya gaji da su. Sai ga ƙunshinka ya iso, kaset uku sababbi fil a cikin kwalaye masu ƙyalli, ka ce wasu mutane ne da har yanzu ke ƙaunar tsofaffin na'urori suka ƙera su kwanan nan. Wayyo ni Maijidda! Tun ranar gidan nan ba a san da kowa ba sai kai. Duk wanda ya zo dubiya, kafin ya gama zama Baba ya nuna masa kwalayen da hannun dama, Inna ta karɓe da bayani, wai Auta ne ya aiko wa mahaifinsa magani tun daga Sin. Har matar mai unguwa sai da ta juya kwali ta shafa ta ce ɗa na gari ke nan. Ina tsaye a wurin da zanin gadon da na gama wankewa yana ɗigar ruwa, ko kallo ban samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, Auta, kishinka nake yi. Kishi sosai, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Ni ce ke baro gidan mijina kullum da safe in zo in juya shi, in shafa masa man zafi, in yanke masa farce, in ba shi kunu cokali-cokali yana kawar da kai. Kai kuma ka shiga shago ka nuna abu da yatsa aka naɗe maka, shi ke nan ka zama shafaffe da mai. Har na ce bari ni ma in gwada sa'ata. Na sa Abdulrazak ya sayo mini kaset a Mai'adua, mai shi ya rantse masa wasanni ɗaruruwa ne a ciki. Da muka saka, ashe tsofaffin nan ne guda nawa ake ta maimaitawa, an canza musu launi kawai, yau motar ja ce gobe shuɗiya. Baba ya kalla, ya kalle ni, ya zare shi ya tura ƙarƙashin gado kusa da takalmansa. Araha ba ta ado.

Yanzu ga amsar tambayarka, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Cikin ukun nan, biyu asarar kuɗi ne. Na jiragen sama ya cika sauri da walƙiya, kafin Baba ya ɗaga yatsa an harbo shi, idonsa kuma ya riƙa ruwa, sai na ɓoye shi. Na biyun kuwa surutu ne zalla, a yi taku kaɗan sai rubutun Turanci ya cika fuskar talabijin, mutumin da ajami da lissafin buhuna kaɗai ya sani me zai yi da wannan? Kwalinsa ya fi shi amfani. Kada ka bari ƙyallin kwali ya ruɗe ka, sabo ba shi ne mai kyau ba. Amma na ukun, wanda muka sa wa suna wasan 'yan dako, wannan kam wanda ya ƙera shi Allah ya saka masa. Mutum biyu ne ɗauke da dogon katako a ka, suna bi ta kasuwa da kwalbati da gadoji, a hankali, ba mai harbin kowa. Ka san Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin 'yan hatsi yana yi wa 'yan dako tsawa, ai da ya gan su sai ya gyara zama. Kuma yana kamawa da sakawa ɗaya, ba hurawa ba daddakawa.

Sai dai akwai abin da ba ka sani ba, ko ba ka karanta a jikin kwalin ba. Farkon wasan mutum ɗaya zai iya, na'ura tana ja masa na bayan. Amma akwai wata siririyar gada a kan kogi da ba ta hayuwa sai mutum biyu, kowa da hannun gem ɗinsa, wato abin latsawa, in ɗaya ya yi gaggawa duk su faɗa ruwa. Nan Baba ya tsaya cak tun kafin saukar ruwan fari. Hannun gem na biyu kuwa, wanda ka ɗaure wayarsa da baƙin salatif tun kana yaro, yana ƙarƙashin matashinsa. Na roƙe shi ya ba ni, ya girgiza kai ya nuna waya, wato na Auta ne, sai ya dawo. Abdulrazak ya nema ya hana. Kullum in an kawo wuta sai ya kunna, ya kai 'yan dakonsa bakin gada, ya tsaya yana kallon ruwa, sannan ya kashe. Kai kana can kana cinikin kayan waya, ba ka san tsoho yana tsaye a bakin gada yana jiranka ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan la'asar, an yi ruwa an ɗauke, aka kawo wuta. Ya kai bakin gadar kamar kullum. Ni kuma abin ya ishe ni. Ban tambaye shi ba, na sa hannu ƙarƙashin matashin na zaro abin, na jona, na zauna a ƙasa gefen ƙafarsa. Ya harare ni irin hararar nan da ke sa mu shige ɗaki muna yara, na yi kamar ban gani ba. Kai, mun sha faɗawa ruwa! Ni ce mai gaggawar, ka san halina, shi kuma yana buga mini gwiwa a kafaɗa duk sanda na wuce shi. Da na gane, sai na daina kallon talabijin na koma kallon hannunsa, in ya latsa in latsa, in ya tsaya in tsaya. A nan na ga babban yatsan hagun nan, wanda na yi wata da watanni ina murzawa da mai bai ko motsa ba, yana lallaɓawa yana danna maɓalli da kansa. Muka bi a hankali, a hankali, har muka sauke katakon a tsallake.

Sai Baba ya yi magana. Auta, magana sosai, ba gurnani ba, ta farko tun ranar da ya faɗi. Inna ta saki muciya ta shigo da gudu da gwiwar tata. Ka san me ya ce? Idonsa na kan talabijin, hawaye na bin gemunsa, ya ce Allah ya yi wa Auta albarka. Ya sake maimaitawa. Inna ta rangaɗa guɗa tana amin, ni ma na ce amin, domin wace ce ni da zan ƙi amsa addu'ar uba a kan ɗan'uwana? Na yi murna, Allah shi ne shaida, murnar da ban taɓa yin irinta ba. Amma na fita bayan rumbu na yi kuka mai isata, kuma ba duka kukan ne na murna ba. Yatsuna ne suka yi ja, kafaɗata ce ta sha gwiwa, sunanka ne ya fito.

Washegari na shigo da kunu. Sai ya ɗaga matashi da kansa, ya zaro hannun gem ɗin ya miƙo mini. Tun ranar muke yi tare kullum, kuma ya ƙara kalmomi, yana cewa ruwa, yana cewa salla, jiya har ya kira Sumayya. Nawa sunan dai shiru. Matsalar ita ce wasan gajere ne, mun kusa kai ƙarshensa, kuma ina tsoron ranar da za mu gama ya mayar da abin ƙarƙashin matashi.

Saboda haka ka saya. Na so in ce maka kada ka saya don in huce haushi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na ga abin da kaset ɗaya ya yi wanda man zafina bai yi ba. Sai dai da sharaɗi. Ka bar masu harbi da masu dogon Turanci, ko kyauta aka ba ka. Ka nemo na mutum biyu, mai tafiya a hankali, wanda ɗaya ba ya iya wucewa sai da ɗaya. Kuma ya zama dogo, Auta, mai gadoji da yawa, wanda za mu shekara ba mu gama ba. Hannu na biyu kuwa ka cire rai da shi, ko ka dawo sai dai ka zauna a tabarma ka yi kallo. Ka ci gaba da karɓar albarkarka daga nesa, Allah ya ƙara maka, ba na baƙin ciki. Ni dai zan zauna a gefen ƙafarsa ina latsawa har ranar da zai juyo ya ce Maijidda.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, ta ga ka rame a hoto. Abdulrazak yana gaisuwa, Sumayya ta ce a tambaye ka ko a can ma ana kiran salla. Malam Audi yana sa maka albarka. Ka gaishe da abokin zamanka Misbahu, ka kuma yi wa Alhaji Ɗantsoho godiya, shi zai riƙo kaset ɗin in zai dawo. Gaisuwar Baba ba sai na isar maka ba, ka riga ka ji ta.

Wassalam.

Yayarka da har yanzu take jiran a kira sunanta,
Maijidda.